Waya Biyu a Gidan Ermelinda

A Porto, can saman tudu,
inda gidaje ke leƙen kogin Douro,
aka kira ni ran Talata da safe,
ni Gaspar mai gyaran wuta,
da jakar kayan aiki da ciwon gwiwata.

Gidan dutse ne, kaurin bango kamu biyu.
Shuɗin tangaran ya lulluɓe zaure,
hukumar gari ta hana a huda shi ko da ƙusa.
Hawa uku, matakala arba'in da ɗaya,
Ermelinda ta ƙirga mini su da sandarta.

A ta goma sha tara ta faɗi bara,
tana laluben makunni cikin duhu.
Benedita, daga Rotterdam,
ta aiko kwali cike da ƙwayayen fitila
masu karɓar umarni ta iska,
wai daga can za ta riƙa haska wa uwarta.

Na ɗaura, na gwada.
Na falo ya amsa, na kicin ya amsa,
na saman bene ya yi kunnen uwar shegu.
Dutse ba ya ba saƙo hanya.
Sai na dasa ƙananan na'urori hawa-hawa,
wannan ta miƙa wa waccan
kamar leburori na miƙon bulo,
har magana ta isa ɗakin kwananta.

Bayan kwana tara na dawo,
komai a mace.
Ta kashe makunnin bango yadda ta saba,
ƙwan da aka yanke wa wuta kuwa ba ya jin kira.
Na zaro salatif zan liƙe makunnin,
ta cafke hannuna da nata.

Ta ce, matso ka gani.
Tagullar ta lotsa a tsakiya, tana sheƙi.
Anselmo ya ja wayar nan da kansa
shekarar da muka tare,
babban yatsansa ya ci wurin nan shekara hamsin.
Da dare in na sa nawa a gurbin,
gaishe shi nake yi.
Na mai da salatif aljihu, kunya ta rufe ni gabanta.

Washegari na zo da 'yar na'ura
wadda ba ta kai gidan ashana ba.
Na kwance makunnin a hankali.
Ga ƙullin Anselmo, tsaf, irin na masunta,
har na tsaya ina koyon aiki wurin mamaci.
Na sabunta abin da ya tsufa,
na cusa 'yar na'urar a baya, na ɗaure sukurori.
Yanzu in ta danna, wuta ba ta yankewa,
saƙo ne ke tashi ya zaga gidan.
Matakala dai na bar ta kan wayar tagulla zalla,
da ido mai ganin motsi a kowace kwana.
Iska ba abin jingina ba ce ga mai neman inda za ta taka.

Cikin Janairu guguwa ta taso daga teku,
intanet ya ɗauke kwana biyu a unguwar.
Benedita ta buga mini sau shida.
Na hau tudun cikin ruwa ina haki,
tun daga titi na hango tagar matakala
jawur, hawa uku.
Ermelinda ta buɗe, ta harari jiƙaƙƙun takalmana,
ta tura mini kwanon miyar kabeji mai zafi
ta ce in ci kafin in fara surutu a kanta.

Nan na ga abin da ban haɗa ba.
Intanet ya dawo muna zaune.
Ƙarfe goma daidai fitilar zaure ta ƙifta sau biyu.
Tsohuwa ta tashi, ta dogara sanda,
ta sa yatsa a gurbin tagulla,
ta danna sau biyu ita ma.
Ta ce, yarinyar nan ba ta barci sai ta gani a wayarta.
Gobe ka zo ka duba na banɗaki, yana ƙara.